Darasi: Kumburin Ɓoye da Taurin Jijiyoyin Jini

Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, wurin zai kumbura ya yi zafi. Akwai kuma kumburin da ido ba ya gani, wanda ke ci a hankali cikin bangon jijiyoyin da ke ɗauke jini daga zuciya, ba ciwo ba zazzaɓi, shekara da shekaru. Kitsen da ake kira kolestarol ne ke kutsawa cikin bangon, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su bi shi su haɗiye, su taru su zama curi. Ranar da curin ya fashe, jini zai daskare a kansa ya toshe hanya. In a jijiyar zuciya ne, ciwon zuciya mai iya kisa farat ɗaya ke nan; in a ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Gwajin CRP

Duk lokacin da kumburi ya tashi a jiki, hanta tana zuba wani sinadari cikin jini mai suna CRP. Tun 1930 aka gano shi a Amurka. Gwajinsa iri biyu ne. Na yau da kullum yana nuna babbar cuta. Na biyu, hs-CRP, shi ke iya kama ɗan kaɗan ɗin da ke nuna kumburin ɓoye, don haka shi likitan zuciya ke nema. Duba takardarka ka ga wanne aka yi maka.

Ana rubuta sakamakon da miligiram a kowace litar jini. Ƙasa da 1, hatsarin ciwon zuciya kaɗan ne. Daga 1 zuwa 3, matsakaici. Sama da 3, babba. Wannan rabon ya fito ne daga masana zuciya na Amurka a 2003.

Ga inda mutane ke ruɗewa. CRP ba ya faɗin inda kumburin yake. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, mura mai ƙarfi, ruɓaɓɓen haƙori, maruru, ko tiyatar da ba ta daɗe ba, kowanne na iya cilla shi sama da 10, wani lokaci har ya haura 100. Yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu. Wanda ya je gwaji da zazzaɓi a jikinsa ya yi asarar kuɗinsa, domin lambar ba ta faɗi komai a kan zuciyarsa ba. Ƙa'idar ita ce a yi gwajin sau biyu, mako biyu tsakani, lokacin da mutum yake garau, a haɗa lambobin a raba biyu. In ya wuce 10, a fara neman cutar da ta jawo hakan, a sake bayan an warke. CRP kansa ba ya buƙatar a je da yunwa, sai in za a haɗa da gwajin suga ko na kitse. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sanar da likita, domin wasu ƙwayoyin na ɗaga lambar.

Yadda jijiya ke yin tauri

Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya tana da zaruruwa masu talewa. Zuciya ta turo jini, jijiyar ta buɗe. Zuciya ta saki, jijiyar ta koma ta ƙarasa tura jinin gaba. Kumburin da ya daɗe yana cinye waɗannan zaruruwa, sai zare mai tauri da sinadarin kalsiyam su maye gurbinsu, kamar tiyon roba da ya daɗe a rana. Tsufa, hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda da shan taba duk suna gaggauta abin.

Illar biyu ce. Lambar sama ta awon hawan jini tana hawa, zuciya ta riƙa aiki da ƙarfi har namanta ya yi kauri. Lambar ƙasa kuma tana sauka, alhali zuciya na samun nata rabon jinin ne a lokacin da ta saki. Ga ƙarin aiki, ga ƙarancin abinci.

A asibiti ana auna taurin da gudun bugun jini. Mutum zai kwanta ya huta minti 10, a ɗora na'ura a wuya da kuma matsematsin cinya, a auna nisan da tef, na'urar ta lissafa gudun. Na matashi mai lafiya yakan tsaya wajen mita 6 a daƙiƙa ɗaya. Sama da mita 10 alamar tauri ce. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba.

Akwai lissafin da za ka iya yi da kanka. Zauna minti 5, bayanka a jingine, hannu daidai da ƙirji, ba goro, ba taba, ba gahawa na rabin awa kafin nan. Auna hawan jininka sau biyu, minti ɗaya tsakani. Cire lambar ƙasa daga ta sama: 150 a kan 80 ya ba da ratar 70. Ga dattijo, ratar 60 ko fiye abin kai wa likita ce. Maɗaurin na'urar awon da ya yi wa hannu kaɗan yana ƙara lamba, a kula.

Abin yi

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Tafiya da sauri minti 150 a mako. Barin taba da rage tumbi suna sauko da CRP. Magungunan rage kitse da ake kira statin su ma suna rage shi, amma likita ne ke rubuta su. Kada ka ji an ce kumburi ka ruga kemis ka sayi ibuprofen ko diclofenac: suna ɗaga hawan jini, suna cutar da ƙoda, kuma ba sa kare zuciya.

Aikin aji

1. Awon jinin wani dattijo 165 a kan 75 ne. Nawa ne ratar? Me za ka ce masa?
2. Wata mata ta samu 2.4 da 3.2 a gwaje-gwajenta biyu na hs-CRP. Lissafa matsakaicinsu, ka faɗi rukuninta.
3. An samu CRP 46 a jinin mai zazzaɓi. Me ya kamata a yi kafin a yi maganar zuciya?