Yadda Ake Riƙe Tsinin Buroshi a Tsakiyar Layi a Rubutun Sinawa

Masu ƙayata rubutu a ƙasar Sin suna kiran wannan dabara zhongfeng, kuma abin da ake nema da ita shi ne tsinin gashin buroshi ya riƙa tafiya a tsakiyar layin da ake ja, ba ya karkata zuwa gefe ba. Idan an dace, tawada takan bazu daidai ta ɓangarori biyu, layin ya fito a mulmule da nauyi. Idan tsinin ya zame gefe kuwa, sai ɓangare ɗaya ya yi santsi, ɗayan ya yi kaushi.

Da riƙo ake farawa. A tsayar da buroshin kyam a kan takarda, babban yatsa da manuniya su kama sandar, na tsakiya ya jawo ta daga gaba, sauran biyun su tokare ta daga baya. Yatsu su yi ƙarfi, amma tafin hannu ya zama da sarari, domin motsi ya fito daga wuyan hannu da gwiwar hannu. Kafin a taɓa takarda, a shafe gashin a bakin mazubin tawada har ya haɗu ya yi tsini guda.

Shiga layi ita ce wurin da mafi yawan masu koyo suke ɓata aiki, don haka ta cancanci haƙuri. Idan layin zai tafi dama, sai a fara ɗan tura tsinin zuwa hagu, a danna kaɗan har gashin ya buɗe, sannan a juyo a ja zuwa dama, gashin yana bin sandar a baya kamar jela. Wannan ɗan komawa baya shi ne yake ɓoye tsinin a cikin layin. A ja a hankali da nauyi iri ɗaya, ana jin takardar tana ɗan turjewa, a ƙarshe kuma a dakata, a ɗan koma baya, sannan a ɗaga. A wurin lanƙwasa gashin yakan murɗe, maganinsa kuwa shi ne a ɗan ɗaga buroshin ya miƙe kafin a canza hanya.

A ganina babu wurin atisaye da ya kai ƙaramin rubutun hatimi, wato wani tsohon salon rubutun Sinawa wanda aka daidaita bayan daular Qin ta haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda layukansa kaurinsu ɗaya ne, kuma ba sa ɓoye kuskure. Buroshin gashin akuya yana da laushi ƙwarai, saboda haka mai gaurayen gashi ya fi sauƙin sarrafawa ga sabon hannu.

Domin auna aiki, a ɗaga takardar a gaban haske bayan ta bushe. Masanin nan Shen Kuo na zamanin daular Song ya ruwaito cewa idan aka duba rubutun hatimin wani gwanin rubutu mai suna Xu Xuan a hasken rana, ana ganin siririn zaren tawada mai duhu a tsakiyar kowane layi, har a wuraren lanƙwasa. Idan duhun ya taru a gefe ɗaya, to sandar ta karkata, sai a gyara tsayuwarta kafin a sake ja.