Kalsiyum da surfaktan: inda ɗaliban likitanci suka fi tuntuɓe

A zaman bitar da muke yi da ƙannenmu ɗaliban likitanci a nan Yamai, da zarar an iso kan surfaktan, maiƙon nan da ke hana ƴan jakunkunan iskar huhu lotsewa bayan fitar numfashi, sai in zuba ido. Na san inda za a faɗi.

Da an ce kalsiyum, hankali ya tafi ga nono da ƙashi. Ba shi ake nufi ba. Ana maganar wanda ke yawo cikin ruwan ƙwayar huhu nau'i na 2, wato ƙwayar da ke haɗa surfaktan, kuma ɗan mitsitsi ne, wajen nanomol 100 a lita in ƙwayar na hutawa. Na wajen ƙwayar ya ninka shi kusan sau 10,000. Wannan ratar ce ta sa ko kaɗan ya ƙaru a ciki, ƙwayar ta ɗauke shi a matsayin umarni. Gwajin jini ba ya nuna maka wannan.

Wasu kuma su rubuta cewa kalsiyum ne ke ƙera surfaktan. A'a. Ƙwayar ta riga ta haɗa abinta, kusan kashi 90 cikin 100 maiƙo, sauran furotin, ta adana cikin ƴan ƙunshi masu hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Aikin kalsiyum shi ne ya sa ƙunshin ya haɗe da fatar ƙwayar, kaya su samu hanyar fita.

Inda maki ya fi zubewa shi ne tambayar daga ina kalsiyum ɗin yake zuwa. Yawanci sai a ce daga waje, a yi shiru, an manta da rumbun gida. Idan sinadarin ATP ya kama P2Y2, wata makarɓar saƙo a fatar ƙwayar, furotin ɗin da ake kira fosfolifas C na samar da ɗan saƙo mai suna IP3, shi kuma ya buɗe retikulum endoplasmik, wato rumbun kalsiyum na cikin ƙwayar, kalsiyum ya kwararo. Na waje yana shigowa ne ya ƙara. Mai tayar da wannan aiki a jiki kuwa miƙewar huhu ne. A 1990 masu bincike Wirtz da Dobbs sun ja ƙwayoyin nan sau ɗaya tak: kalsiyum ya tashi ya sauka cikin ƙasa da minti guda, amma surfaktan ya ci gaba da fita har wajen minti 30. Ashe ajiyar zuciya ba ta masu damuwa kaɗai ba ce, huhu ma na da rabonsa a ciki.

Gwajin nan ya isa ya gyara wani kuskuren, na kwatanta abin da jijiya, inda saƙo ke fita kafin ƙiftawar ido. A huhu, ko ƙunshin ya haɗe da fatar, ƙofar a hankali take faɗaɗa.

Kada kuma a ce kalsiyum ne hanya ɗaya tilo. Magunguna irin su terbutalin na bi ta cAMP, wani ɗan saƙon na cikin ƙwayar, akwai kuma hanyar furotin kinas C.

Wata ƙanwarmu ta taɓa tambaya ko ƙarin kalsiyum zai taimaki bakwaini mai wahalar numfashi. Tambaya ce mai kyau, amma matsalarsa rumbun surfaktan ne bai cika ba, domin sai wajen mako na 34 zuwa 35 na ciki surfaktan ke wadata. Shi ya sa ake yi wa uwa allurar deksametazon ko betametazon in ana tsoron haihuwa kafin lokaci, jaririn kuma a zuba masa surfaktan ta maƙogwaro, hanyar da likita Fujiwara ya nuna nasararta a Japan a 1980.