Hoton Bangon Albam: Kurakuran da Ke Hargitsa Waƙoƙinka da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya taɓa kai memorinsa wajen masu tura waƙa a kasuwa, ko ya karɓi waƙoƙi ta Xender a hannun aboki, ya san yadda abin yake. Ka buɗe manhajar saurare, rabin waƙoƙin ba su da hoto sai wata alamar kiɗa mai ruwan toka, sauran rabin kuma duk fuska ɗaya ce, tambarin shafin da aka sauko da su. In mutum ya tashi gyara, yawanci Google yake nufa ya hau neman hotuna. Nan aka fara kuskure, domin hoto shi ne na ƙarshe a wannan aiki.

Manhaja ba ta duba sunan da ka raɗa wa fayil daga waje. Abin da take karantawa wasu bayanai ne da ke ƙunshe a cikinsa: sunan waƙa, mawaƙi, albam, shekara. A fayil ɗin MP3 ana kiran wannan tsari ID3, kuma sigarsa ta biyu ce kaɗai ke iya ɗaukar hoto, ta farko ba ta da wurinsa. Shafukan sauke waƙa sun saba rubuta sunansu a gurbin albam. To da zarar waƙoƙi 200 sun zo da sunan albam iri ɗaya, wayar za ta ɗauka duk faifai guda ne, ta ɗauko hoto ɗaya ta manna musu. Ko ka sauya hoton sau goma, muddin gurbin nan bai gyaru ba, kana nan inda kake. Ka fara da share sunan shafin, ka rubuta ainihin sunan albam, harafi da harafi iri ɗaya a kowace waƙa. Tazara ɗaya da ta ƙaru a ƙarshen suna ta isa ta raba albam gida biyu.

Akwai wani gurbi da mutane ke tsallakewa, wanda manhajoji ke rubutawa Album Artist. Idan albam yana da waƙoƙin da aka yi da baƙin mawaƙa, kuma ka bar gurbin nan fayau, sai ka ga faifai ɗaya ya watse kashi biyar, wani da hoto wani babu. Sa sunan mai albam ɗin a wannan gurbi a duka waƙoƙin, ka bar sunayen baƙi a gurbin mawaƙi. A kwamfuta, manhajar Mp3tag na ba ka damar zaɓar waƙoƙi da yawa ka gyara su a tashi ɗaya.

Sai batun inda ake samo hoton. Wanda ya danna ƙaramin hoton da ke jere a sakamakon bincike ya adana shi, ɗan samfoti ya ɗauka, ba ainihin hoton ba. A fuskar waya zai yi kyau, amma ranar da ka buɗe shi a kwamfuta ko talabijin sai ya dagargaje. Ga kuma wani tarko: hotuna da yawa yanzu suna saukowa a tsarin WebP, wanda manhajojin waƙa da dama ba sa nunawa. Goge wutsiyar sunan ka rubuta jpg ba ya mayar da shi JPEG, kamar dai ka sauya wa buhun gero tambari ne ka ce shinkafa ce. Dole ka buɗe shi a manhajar hoto ka sake adanawa.

Ni dai manhajar kwamfuta mai suna MusicBrainz Picard, mai gyara bayanan waƙa, nake fara gwadawa. Kyauta ce, kuma tana ɗauko hotuna daga Cover Art Archive, rumbun da MusicBrainz da Internet Archive suka haɗa hannu suka buɗe a 2012. Tana iya sauraron sautin waƙar ta gano ta ko da sunan fayil ɗin shirme ne. Amma kada ka danna adanawa ido rufe. Albam ɗaya kan fito sau da yawa: bugun farko, bugun da aka sake tace sauti, bugun wata ƙasa, kowanne da nasa bango, wani lokaci har yawan waƙoƙin ya bambanta. Ƙirga waƙoƙinka, duba shekara, ka gwada da abin da manhajar ta kawo. In kana da faifan a hannu, lambar da ke bayansa ita ce ke raba gardama, kuma shafin Discogs wuri ne mai kyau na bin diddigin bugu daban-daban, musamman tsofaffin faya-fayen garmaho.

Kan girman hoto kuwa, mutane sun kasu biyu, kuma duka ɓangarorin suna wahala. Masu ƙaramin hoto mun yi maganarsu. Masu cewa sai mafi girma su ne ke ɗauko hoto mai fiksel 3000 a kowane gefe, irin wanda kamfanonin rarraba waƙa ke nema a hannun mawaƙa, su cusa shi cikin kowane fayil. Yi lissafi: hoto mai nauyin megabait 3 a cikin waƙoƙi 12 ya ci megabait 36, a waƙoƙi 1,000 kuma gigabait 3 ke nan na hoto zalla. Bayan cin wuri, wasu rediyoyin mota da tsofaffin na'urori ba sa buɗe hoto mai wannan girma, su bar maka fuska baƙa. A ganina fiksel 600 zuwa 1000, murabba'i, a tsarin JPEG ya wadatar a cikin fayil. Babban kuma ka ajiye shi sau ɗaya a foldar albam, ko don gaba. In ka rage girma amma motar ta ƙi nunawa, duba yadda aka adana hoton, domin akwai nau'in JPEG mai buɗewa a hankali daga dishi-dishi zuwa tangaram, wanda ake kira progressive, kuma na'urori da dama sun fi gane na gargajiya.

Wannan ya kawo mu kan ajiye hoto a folda kawai da sunan cover.jpg ko folder.jpg. A kwamfutarka zai yi aiki lafiya. Amma ka tura waƙa ɗaya ga ƙaninka, ta tafi tsirara, hoton ya zauna a gida. Wanda aka saka cikin fayil ne ke bin waƙa duk inda ta je. Kafin ka saka sabo, cire tsohon, domin fayil na iya ɗaukar hotuna fiye da ɗaya, kuma wasu manhajoji na farko kawai suke nunawa, wato tambarin nan da kake gudu. Fayilolin WAV kuma, wani tsarin adana sauti ban da MP3, kada ka ɓata lokaci a kansu, ba kowace manhaja ke karanta bayanansu ba. Mayar da su tsarin FLAC, sautin ba zai ragu ba kuma hoton zai zauna.

Wani abin haushi shi ne hotunan bango su cika maka ma'ajiyar hotuna a wayar Android, suna cuɗanya da na biki da na suna. Sai wani ya ba ka shawarar jefa fayil mai suna .nomedia a foldar. Hotunan za su ɓace, gaskiya ne, amma a manhajoji da yawa waƙoƙin ma za su bi su. Goge hotunan foldar daga wayar ya fi, tunda akwai na cikin fayil. Haka nan in ka gama gyara amma wayar ta nace wa tsohon hoto, kada ka ce aikin bai yi ba. Ta riƙe kwafin da ta adana ne tun farko. Share ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar, ka sa ta sake binciken waƙoƙi.

Duk wannan na waƙoƙin da suka fito a matsayin albam ne. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya, irin na makaɗan fada da na kalangu da kuntigi, a gidan rediyo ko wurin biki aka naɗe su, suka yi ta yawo daga kaset zuwa kaset, babu bango ɗaya da za a ce shi ne nasu. Ba za ka same su a waɗancan rumbuna ba sai ɗaiɗaiku. Nan sai ka zama mai yin bangon da kanka. In akwai tsohon kaset ko CD a gida, kai takardar bangon wajen masu sikanin, ka ce a yi a ma'aunin dpi 300. Bangon CD santimita 12 ne kowane gefe, zai fito kusan fiksel 1400, sai ka rage. Bangon kaset dogo ne, don haka kada ka ja shi da ƙarfi ya zama murabba'i fuskar mawaƙin ta baje kamar faranti, ka ƙara masa fili a gefe biyu. Kuma in mai shagon zai turo maka ta WhatsApp, ce masa ya turo a matsayin fayil, don in ya turo shi a matsayin hoto za a matse shi kafin ya iso.