Yadda na tsayar da zubar iska a regileta ta biyu

Alhamdulillahi, an rabu da matsalar, godiya ga malamin nutsonmu.

Tagwayen tukwanen iska na nutso regileta biyu suke buƙata, wato na'urar da ke rage ƙarfin iskar tukunya don a iya shaƙa a cikin ruwa, kowane bawul da tasa. Ta hannu na samu a matsayin ta biyu, amma ina shiga wurin ninkaya nan Abuja sai bakin shaƙarta da ke rataye a wuyana ya yi ta fesar da iska. Na sake zoben roba, na mayar da maɓallin venturi, mai daidaita kwararar iska a bakin shaƙa, kan alamar ragewa, amma iskar ba ta daina fita ba.

Malam ya ce a auna matsin iskar da regiletar ke fitarwa. Muka cusa geji a tiyon hura rigar nutso, muka buɗe bawul a hankali. Allura ta kai bar 9.5, maimakon ta tsaya sai ta riƙa rarrafawa sama. Ashe kan regiletar da ke ɗaure a tukunya ne ke yoyo ta ciki.

Na ajiye ta, na nemo irin ta farkon sak, mai ɗaurin DIN, wanda ake murzawa cikin bawul, don kayan gyaransu su zama ɗaya. Doguwar tiyo mai mita 2.1 a bawul ɗin dama, gajeruwa da gejin tukunya a hagu. Muka sake aunawa, allura ta kafe a 9.5.