In manaja ya matsa maka a banki, ga abin yi kafin ka aje aiki

Yawancin yaranmu da sunka bar bankunan Kano Road nan Sakkwato ba wai albashi ne ya kore su ba, wulakanci ne. Taron safe a tsaida mutum gaban kowa ana mai tsawa don bai cika taget ba, wato adadin da anka dora mai ya kawo ma banki, a kira shi karfe goma na dare, mata kuma abin ya fi muni, a ce je ki samo kudin ajiya wurin Alhaji ko ta wace hanya, kowa ya san mi ake nufi.

To kar ka rubuta takardar ajiye aiki cikin hushi. Fara da tara shaida. Samu dan littahi, duk randa anka ci mutuncinka rubuta kwanan wata, lokaci, abin da anka ce da wadanda ke wurin. Sakon WhatsApp ko imel ka dauki hotonshi ka tura wayar da ba ta ofis ba, don ranar da ka aje aiki suna iya rufe maka imel. Amma hwa kar ka kuskura ka kwashi bayanan kwastoma, nan kai za ka koma mai laifi.

Sannan ka kai kuka hedikwata a rubuce, ba da baki ba, kuma ba ta hannun shi manajan ba. Tun 2014 CBN ya wajabta wa bankuna su bude hanyar kai rahoto a asirce, nemi ta bankinku. In kana cikin kungiyar ma'aikatan banki, ASSBIFI ko NUBIFIE, sanar da su. 'Yan kwantiragi su ne abin tausai, su sai sun hada da kamfanin da ya kawo su.

In anka yi shiru akwai Kotun Ma'aikata ta Kasa, tana da reshe nan Sakkwato, kuma tana sauraren karar wanda anka takura ma har ya bar aiki dole. Najeriya ma ta amince da yarjejeniyar ILO, Kungiyar Kwadago ta Duniya, mai lamba 190 kan cin zarafi wurin aiki a 2022, lauya zai yi amfani da ita.

In ka yanke shawarar tafiya duba takardar daukar aikinka ka ga notis na wata nawa ne, ka kuma tambayi yadda rancen ma'aikata da ke kanka zai koma bayan ka fita, don sau da yawa ruwan kudin tashi yakai.