Yadda Ake Nemo Ringin Fistin Na Injin Tsere Daga Sakkwato

A tseren miƙaƙƙiyar hanya, inda motoci biyu ke jerawa su zura tsawon mita 402, aikin inji na 'yan daƙiƙoƙi ne. Amma a cikin daƙiƙoƙin nan zafi da matsin da ke sauka a kan fistin sun fi ƙarfin abin da kamfani ya tsara wa motar gida. Ringi, wato zoben ƙarfen da ke zagaye fistin yana toshe tsakaninsa da bangon silinda, jeri uku ne, kuma na sama ne ke fara karɓar wannan azaba. Shi ya sa mai haɗa irin wannan inji ba ya shiga shago ya ce a ba shi ringin mota kaza. Da awo ake sayen ringin tsere, kuma da sanin aikin da za a sa shi.

Da farko, ka yanke abin da injin zai ci kafin ka kashe ko sisi. Zai sha iska da kansa ne, ko za a ɗora masa turbo, ko za a riƙa fesa masa iskar nitrous mai ƙara wa inji ƙarfi? Amsar nan ce ke zaɓar ƙarfen ringin. Wanda ba shi da turbo, ringin ƙarfen ductile (zubin ƙarfe mai jure lanƙwasa) mai shafen moly (ƙarfen molybdenum) a fuska ya ishe shi, yana saurin zama da silinda. Matsalar moly ita ce idan inji ya fara ƙwanƙwasa, shafen na iya ɓarewa. Don haka mai turbo ko nitrous ya nemi ringin sama na ƙarfen sitil wanda aka taurara fuskarsa da naitirojin. A ganina, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kuma ba kullum mutum ke da tabbacin man da ya sha a gidan mai ba, sitil ɗin ya fi kwanciyar rai ko da ya fi tsada.

Sai awo, kuma nan ne yawancin kuɗi ke salwanta. Ka kwance injin, a wanke buloki, a kai shi wurin masu borin, wato masu faɗaɗa ramin silinda. A auna kowace silinda a sama, tsakiya da ƙasa, ta tsaye da ta gicciye, da ma'aunin cikin silinda, ba da baniya (ma'aunin vernier) ba. Idan ta ci ko ta zama ƙwai, dole a faɗaɗa ta. Injin Toyota 2JZ da Honda K20 faɗin silindarsu milimita 86 ne daga kamfani, K24 kuma 87, BMW M50 mai lita 2.5 yana da 84. Ƙarin rabin milimita ya mai da 2JZ zuwa 86.5, ringin 86 ba zai yi masa amfani ba ke nan. Kada ka bari a yi borin kafin sabon fistin ya iso hannunka. Fistin ake aunawa a yanka silinda daidai da shi.

Da fistin ya zo, ka auna ramukansa uku: faɗin kowane rami da zurfinsa. Fistin na zamani yakan zo da ramuka irin su 1.0, 1.2 da 2.8, ko 1.5, 1.5 da 3.0 a milimita. Tsofaffin injunan V8 na Amurka kuwa da inci ake lissafinsu, 1/16, 1/16 da 3/16. Ka lura, 1/16 na inci kusan milimita 1.59 ne, ba 1.5 ba. Ido ba ya ganin bambancin, amma ringin 1.5 a ramin 1/16 zai riƙa rawa. Zurfin ma haka: idan ka tura ringi cikin rami, ya shige gaba ɗaya, kada fuskarsa ta leƙo waje. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi fistin da ringinsa tare daga kamfani ɗaya, kamar JE, CP-Carrillo, Wiseco ko Mahle.

Ka kuma binciki bangon silindar. Wasu bulokan alminiyam na BMW da Mercedes ba su da hannun rigar ƙarfe a ciki, bangon nasu shafen Nikasil ne ko haɗin alminiyam da silikon da ake kira Alusil, kuma kowanne yana da irin ringin da yake karɓa. Ka faɗa wa mai sayarwa tun kafin ya tambaya.

Yanzu ina za a samo? Ringin motar gida na NPR, Riken ko TP ana samunsa a nan gari, in ya yi wuya a aika Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Waɗannan sunaye ne masu kyau idan an dace da na asali, kuma sun isa injin da aka ɗan taɓa kaɗan. Na tsere sosai sai an yi oda daga waje: Total Seal da ke jihar Arizona, Hastings, Mahle, ko manyan dillalai irin su Summit Racing da JEGS a Amurka. Saƙonka ya ƙunshi faɗin silinda bayan borin, faɗi da zurfin ramuka uku, sunan fistin da lambarsa, irin bangon silinda, irin mai, da yawan matsin turbo. Ka nemi irin da ake gogawa da hannu, wanda ake yi da ɗan ƙarin tsawo don kai ka buɗe masa baki, wato tazarar da ke tsakanin ƙarshensa biyu, da kanka. Sannan ka ƙara saitin ringi na silinda ɗaya a kan odar. Ringi ɗaya ya karye a hannun yaron gareji, aiki ya tsaya har sai an sake biyan dala, kuɗin jirgi da na kwastam. Idan kayan sun iso, ka gwada lambar kwali da ta shafin kamfanin, ka duba akwai takardar bayani a ciki, ka auna kaurin kowane ringi da maikiromita. Jabu ya yi yawa a kasuwa.

Wata shawara: ka bar zancen ringi siriri sosai mai laushin matsi. Yana ƙara ƙarfi, gaskiya ne, amma yana buƙatar silinda mai zagaye sak, wadda aka goge da farantin matsi ɗaure a kan buloki, sau da yawa har da famfon zuƙe iska daga cikin inji. In masu borin da kake da su ba su da wannan kayan aiki, sirantar ba za ta haifar maka da komai ba sai shan baƙin mai. Ka kai musu takardar kamfanin ringin, ka ce: "Oga, ga irin gugar da suka ce a yi." A ƙarshe ka leƙa cikin silindar da tocila, ka ga zanen gugar yana gicciye da juna sumul daga sama har ƙasa.

Buɗa bakin ringi shi ne aikin da ke son haƙuri. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji wuta. Bakin ya yi kaɗan, gefuna biyun su haɗu, ringin ya cije, ya fasa kan fistin. Ana ninka faɗin silinda da wata lamba da kamfani ke bayarwa: wajen 0.0045 ga inji marar turbo, 0.0055 zuwa 0.0065 ga mai turbo ko nitrous, gwargwadon ƙarfinsa. Silinda mai milimita 86.5 idan aka ninka da 0.0055 ta ba da kusan milimita 0.48. Ringi na biyu ana ba shi baki daidai da na sama ko ya ɗan fi, don iskar da ta tsere ta samu hanya kada ta ɗaga na saman. Lambar da ke takardar kamfaninka ita ce a gaba da kowace, kuma in kana shakka ka karkata wajen buɗawa.

Ka sa ringin a silinda, ka kifa fistin ka tura shi ƙasa kamar milimita 25 don ya zauna daidai, ka zura filagej, siraran ƙarafan auna tazara, a bakin. Ka fitar, ka goga gefe ɗaya kawai, daga waje zuwa ciki don kada shafen fuskar ya ɓare. Guga biyu uku, ka mayar ka auna. Abin da ka cire ba ya dawowa. In ya kai, ka shafe kaifin gefen da dutse mai laushi, ka sa shi a leda ka rubuta lambar silindarsa, domin kowane ringi da gidansa.

Ranar haɗawa ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai. A wanke silinda da ruwan zafi da sabulu, fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen guga. Ka shafa farin ƙyalle mai ɗan mai, in ya fito da toka-toka a sake wankewa. Gefen ringi mai ɗigo ko rubutu shi ke kallon sama, bakunan kuma a rarraba su kada su jeru. Tashin farko a yi shi da baƙin mai na gargajiya, a bar na sintetik sai ringi ya zauna, kuma kada a bar injin yana ta silo. A ba shi wuta a saki, a ba shi a saki, a fili killatacce da aka samu izini, ba a kan titin da jama'a ke bi ba. Bayan nan a canza mai da filta, a gwada kamfireshan na kowace silinda, a rubuta lambobin don gwadawa da su bayan kowane tsere.