Kurakuran da mutanenmu ke yi a baje kolin tishu da famfas da injinan faki

Duk shekara sai ka ji wani cikin 'yan kasuwarmu ya ce zai je baje koli ya kawo injin tishu ko na famfas, ya gaji da sarin kayan wasu a kasuwar Singa ta Kano yana so ya buga sunansa a leda. Tunani ne mai kyau wallahi, musamman tunda kamfanin P&G masu Pampers suka sanar a ƙarshen 2023 cewa sun daina sarrafa kaya a Najeriya, Kimberly-Clark masu Huggies su ma suka rufe masana'antarsu ta Ikorodu a 2024, kowa ya hango gurbi. To amma yadda ake zuwan ne matsala, da yawa kuɗin jirgi da otal kawai suke ƙonawa su dawo da jakar takardu.

Kuskure na farko tun daga gida ake yinsa, mutum bai san wane baje kolin ne nasa ba. Ya ji ana cewa Canton Fair sai ya yanki tikitin Guangzhou, bai san zango uku ake yi ba kuma injinan masana'antu a zangon farko suke, sai ya sauka lokacin da an kwashe su an zuba tufafi da kayan wasan yara. In harkarka tishu ce da famfas da audugar mata, a Chaina CIDPEX ne gidan abin, shekara-shekara ake yi kuma gari yana canzawa, an yi a Nanjing an yi a Wuhan, saboda haka ka duba kafin ka kama otal. MIAC da ake yi a Lucca ta Italiya cikin Oktoba na manya ne, yankin su Toscotec da A.Celli da Gambini, masu injinan da mai ƙaramin jari kallo kawai zai yi. INDEX na Geneva na masu yadin nan ne mara saƙa da ake saman famfas da shi, shekara uku-uku, interpack na Düsseldorf, na injinan faki, ma haka, in ka rasa sai ka jira. Ni shawarata in ba ka taɓa zuwa ko ɗaya ba ka fara da Propak West Africa a Landmark Centre ta Legas, ba biza ba dogon kashe kuɗi, kuma waɗanda suka ɗauko kaya suka zo har Legas aƙalla sun nuna suna son kasuwar nan.

Sai maganar biza, a gajarce: ka yi rajistar shiga ta intanet da wuri, ka nemi takardar gayyata, na Turai kar ka bari sai saura wata ɗaya.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne mutum ya shiga rumfa ya ce nawa ne injin tishu. Wannan tambayar kamar ka je wajen dillalin mota ne ka ce nawa ne mota. Mai rumfar yana jin haka ya san baƙo ne kai, ko ya ba ka katalog ya sallame ka ko ya faɗa maka kuɗin da zai ja ka, wanda na injin naɗin ne kaɗai. Alhali layin tishun banɗaki ba inji ɗaya ba ne, akwai mai warware jambo, wato babban naɗin takardar tishu, ya naɗe shi a dogon sanda, akwai zarton da ke yanka sandan gunduwa-gunduwa, akwai mai yin kwalin tsakiya, akwai na faki, sannan kwamfaresa da ke ba su iska. Ka tafi da lambobinka a rubuce: faɗin jambon da za ka riƙa samu, giram nawa takardar, falle biyu ko uku, girman nadin da kasuwarku ke ci, guda nawa a leda. Faɗin jambon nan shi ne ya kayar da wani abokina, ya sayi inji a baje koli saboda an yi masa ragi na ranar ƙarshe, da ya dawo sai ya tarar jambon da ake samu a Legas bai dace da faɗin injinsa ba, kullum sai an yanke gefe an zubar, ribar tasa a shara take tafiya. Da ya fara tambayar masu jambo kafin ya tafi da waya ɗaya ta ishe shi.

Famfas ya fi haka rikici, kuma nan ne nake ganin mutane sun fi ruɗin kansu. Injin ai shi ne mai sauƙin ma, kayan da zai ci su ne aikin: audugar itace, garin nan SAP mai shanye ruwa, yadi mara saƙa, ledar baya, roba ta cinya da ƙugu, gam mai zafi, maɗauri. Kusan duk da dala ake shigo da su, kuma ɗaya ya yanke layin gaba ɗaya ya tsaya. Sai ka ga mutum ya kwana uku yana zagaya injina yana ɗaukar bidiyo yana sawa a sitatus, bai leƙa ɓangaren masu kayan haɗi ba ko sau ɗaya, bai tambayi mafi ƙarancin odar da suke karɓa ba. Raba kwanakinka, rabi ga injin rabi ga abincinsa. In lissafin bai fita ba, ba kunya ba ce ka fara da ba wata masana'anta ta yi maka da sunanka, yankin Quanzhou da Jinjiang cike yake da masu wannan aikin, ka gwada kasuwa da kwantena ɗaya tukuna.

Wani abin kuma, gudun da aka rubuta a jikin allo. Za a ce maka guda kaza a minti, wannan gudun ƙira ne, a rumfa mai sanyi da wuta tsayayya da injiniyan da ya ƙera shi a tsaye. Ka tambayi gudun aiki na yau da kullum da kuma kashi nawa ke lalacewa. Ka tambayi wutar da yake ja gaba ɗaya har da kwamfaresa, don a unguwannin masana'antu na Kano irin Sharaɗa ko Challawa janareta ne zai ɗauki rabin aikin kuma dizal ba ya jin ciniki. Mu 50Hz muke, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka 60Hz ne, a rubuta wannan a takarda kar a bar shi a baki.

Ba kowa da ke rumfa ne mai masana'anta ba fa. Da yawa diloli ne, kuma ba laifi ba ne, laifin shi ne ka biya kuɗin dillali kana zaton da maƙerin kake magana, ranar da inji ya tsaya ya ce bari ya tambaya. Ka ce kana son zuwa masana'antar bayan an tashi, Foshan da ke da maƙeran injin tishu kusa take da Guangzhou, mai gaskiya mota ma zai turo maka. Ka ce ya ba ka lambar wani da ke amfani da injinsa a Najeriya ko Ghana ka kira shi da kanka. In ya fara kame-kame ka gane.

Kar ka ajiye kafin alƙalami a rumfa, ko da an ce farashin na yau ne kawai, gobe ma yana nan. Kuma ka san wane farashi aka ba ka, EXW ne a ƙofar masana'anta, FOB ne har a ɗora kaya a jirgin ruwa a can, ko CIF har Apapa da kuɗin jirgi da inshora, don tsakaninsu kuɗi ne mai yawa, bayan haka ga Form M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, ga kwastan ga ɗauko kwantena zuwa Arewa. Mai shigo da famfas ko audugar mata da aka gama kuma ya tuna da rajistar NAFDAC kafin kaya su hau ruwa. A yarjejeniya a sa waye zai biya tikiti da masaukin injiniyan da zai zo ya haɗa, kwana nawa zai yi yana koya wa yaranka, da jerin kayan gyara na shekara ɗaya, wuƙaƙe da bel da na'urorin gani, don ƙaramin abu na dala ashirin yana iya zaunar da ma'aikata sati uku.

Samfur kuma a karɓa da yawa, a rubuta sunan kamfani da lambar rumfa a jikin kowanne nan take, don ranar ta uku duk sun zama iri ɗaya a ido. In ka koma otal ka zuba wa famfas ɗin ruwan gishiri kaɗan maimakon ruwan famfo, SAP ya fi shan ruwa zalla sosai fiye da fitsari, shi ya sa gwajin da suke yi maka a rumfa da ruwan gora mai launi yake burgewa. Ka jira minti biyar ka danna tishu a kai ka ga ko ya jiƙe.